Faifan da ke Cikin Zanen Innarki

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Ladi.

Ina gaishe ki gaisuwar uba. Ina roƙon Allah Ya tsare ki bisa hanyar da za ki bi gobe ke da Gwaggonki Asabe, Ya rufe idon mugu daga motarku tun daga tashar Sabon Birni har ku sauka Sakkwato. Allah Ya kai ki inda ba a kwana da takalmi a ƙafa. Amin.

Za ki yi mamaki, muna gida ɗaya, muna jin tarin juna ta bayan zana, amma na rubuto miki takarda. Na gwada faɗi da baki. Ranar da kike tankaɗe na zo na tsaya kanki, kinka ɗago kinka ce, "Baba, ruwa kake so?" Nic ce i, na sha ruwan da ba ni jin ƙishinshi, na fita. To ga shi a rubuce. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya, sauran baƙaƙen boko bisa madannan kwamfuta na tsince su. Ki karanta yau, kada ki bari sai kin isa.

A ƙasan jakarki, ƙarƙashin kayan makaranta, akwai ƙunshi cikin tsohon zanen innarki, mai ruwan ganyen nan. Faifan ajiya na kwamfuta ne ciki, baƙi, kamar tafin hannuna. Na karce shi da ƙusa a gefe ɗaya. Shi za ki kai wa Oga Lawwali, wanda ya koya mini aiki, Gwaggonki ta san shagonshi nan Sakkwato. Cikin faifan ga ne hotuna da muryoyin da mutane sunka ba ni ajiya suke, ko in ce abin da ya rage daga cikinsu, in akwai abin da ya rage. Muryar innarki na ciki. Ni na ɓata shi da hannuna, ba ɓarawo ba, ba gobara ba. Za ni gaya miki yadda anka yi, don kada wani ya ƙarasa a gabanki abin da ni na fara.

Kin san yadda ajiyar ta samo asali, tunda ke ce ƙafata. Da hanya ta lalace, 'yan bindiga sunka koyi buɗe wayar wanda sunka tare. Su ga hoton shanu, su ga ɗan'uwa tsaye gaban gida mai bene a birni, su ji saƙon murya ana maganar amfanin gona, sai su san nauyin da za su ɗora wa dangi. Mutane sunka gane waya mai kaya ciki ta fi aljihu mai kaya haɗari. Sai ya zama duk mai tafiya Isa ko Tozai ko Tsamaye ya biyo ta rumfata, in kwashe abin da ke cikin memorinshi in adana, in goge mishi, ya hau mota da waya fara tas. In ya dawo in maida mishi. Maza su kawo da kansu. Mata kuwa ke kike shiga gidajensu ki karɓo a ƙulle cikin gefen hijabinki, ki ce, "Baba, wanga na matar mai nama ne, tac ce kada ka kalli hotunan biki." Da yawa sun dawo sun karɓi kayansu. Waɗansu ba su dawo ba. Nasu ya zauna hannuna, danginsu kan zo su ce in nuna musu fuska, su kalla, su share ido, su tafi.

Kurena na farko ya girme ki. Ina yaro a shagon Oga Lawwali, lokacin yana Isa. Bazamfare ne, bakinshi ba ya hutawa, amma ya san aiki. Shi ya saba mini da tsarin nan na kyauta, mai baƙin allo da ake rubuta wa umarni, don shi ke iya buɗe faifan da sauran sunka kasa. Ya nuna mini cewa kwamfuta ba ta san faifai ba yadda kinka san akuyarki. In an kunna ta, takan tsaya ne kamar mai rabon tuwo bakin zaure, ta ce wa ya iso? Wanda ya fara amsawa ta sa mishi sda. Mai bi mishi sdb. Na uku sdc. In faifan na da ɗakuna ciki ta ƙara musu lamba, sdb1, sdb2. In an kashe ta an sake kunnawa, ta manta da kowa, ta sake rabo daga fari. Har ɗayan tsarin da kowa ya saba da shi, mai kiran faifai C da D da E, haka yake yi wa filashi, yau E, gobe F.

Wata rana ya kama ni za ni goge filashin wani direba ban duba komai ba. Ya ƙwanƙwashe ni a ka, yac ce, "Kai Bagobiri, wa yac ce maka wanga shi ne wancan?"

Nic ce, "Oga, ai jiya sdb ne."

Yac ce, "Jiya wa ya fara isowa shago?"

Nic ce, "Kai."

"Yau fa?"

"Ni."

Yac ce, "To madalla, yau kai ne Oga. Tashi ka ba ni kuɗin shayi."

Duk shagon anka yi dariya, ni ma na yi. Na riƙe dariyar, na yar da karatun. Abin da na ɗauka na tafi da shi shi ne gajeruwar hanya: sda namu, sdb na baƙo. Kuma ta yi mini aiki shekaru, don faifan cikin injin kusan kullum shi ke fara amsawa, baƙo kuma ɗaya nike jonawa. Abin da ya daɗe yana yi maka daidai, sai ka ɗauka gaskiya ne, alhali sa'a ce ba ta ƙare ba tukuna. Ɗiyata, a makarantar da za ki, za a koya miki abubuwa da wasa, waɗansu da bulala. Kada ki dawo da labarin wasan ki baro abin da anka nufa. In malami ya nuna miki hanya mai tsawo, ki tambaye shi ramin da yake kewayewa kafin ki yanke.

Kure na biyu, shi na fi jin kunyarshi, don na daɗe ina kiranshi da suna mai kyau. Kowa a kasuwa ya san ni da haƙuri. Wayar da wani zai jefar, ni in zauna kanta har ta yi magana. Na ɗauka duk abin da nike yi a hankali haƙuri ne. Da ajiya ta fara yawa, na aika anka sayo mini faifai biyu daga Maraɗi, iri ɗaya, girma ɗaya, launi ɗaya. Niyyata in zuba kaya a ɗaya, in yi kwafi a ɗayan, in wani ya mutu wani na nan. Na fara zuba kaya a na farko. Na biyun na bar shi cikin ledarshi, kullum in ce gobe in kasuwa ta yi sauƙi. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Ba haƙuri ba ne, Ladi. Jinkiri ne ya sa rigar haƙuri. Ki riƙa bambanta su: mai haƙuri ya gama nashi yana jiran na Allah, mai jinkiri kuwa nashi ne bai yi ba.

Kin tuna Buba, Bafillacen da ke kawo wayarshi caji ranar kasuwa, mai kiranki sarauniyar Gobir. Ya taɓa ganin faifan biyu bisa tebur, ya ɗauke su yana juyawa, yac ce, "Kaɗo, wane ne wane?"

Nic ce, "Injin ya san su."

Yac ce, "Da mi ya san su?"

Na yi mishi bayanin mai fara isowa. Ya saki baki yana kallona. Yac ce, "Wato in na kai shanu rijiya, wadda ta riga sa baki a kwami ita ce Wule, gobe in wata ta riga ta, ita ce Wule? Wallahi da na sayar da saniyar surukina tun bara." Ya nuna mini kunci da yatsa, yac ce, "Ku Gobirawa kun iya tsaga fuskar jariri don kada ya ɓace cikin mutane, amma ka kasa tsaga ƙarfe. Ba ni wuƙa in yi maka."

Nic ce ya bar mini kaya kada ya ɓata. Ya ajiye, ya karɓi wayarshi, ya tafi yana girgiza kai. Buba ma yanzu ba ya zuwa. Rugarsu ta tashi, an ce sun ƙetara iyaka, an ce ba su ƙetara ba. Hotunan shanunshi na cikin faifan da ke jakarki.

Yanzu ga ranar. Da hantsi ne, ranar kasuwa, cikin damina. Faifan ajiyar ya kwana biyu yana wani ƙas-ƙas in yana juyawa, kamar ƙwaro cikin ƙwarya. Na san alamar ciwo ce. Nic ce yau kam sai na yi kwafin nan. Na fiddo sabon daga leda. Na fara jona mai kayan, injin ya sa mishi sdb. Na jona sabon, ya zama sdc. Na duba, na ga daidai. Na rubuta umarni: kwashe duk abin da ke sdb, ka shimfiɗa bisa sdc. Umarnin ga ba shi da tambaya. Ba ya cewa ka tabbata? Ba ya duba ko akwai kaya inda za shi zuba. Abin da ya tarar a na farko, ko kaya ko wofi, shi yake shafewa bisa na biyu tun daga bakin ƙofa har ƙurya.

Ban kai ga dannawa ba, hadari ya rufe rana, batirin sola ya yi ƙasa, maƙwabcina mai aski kuma ya jona injinshi a layina bai faɗa ba. Kwamfuta ta ɗauke. Na leƙa nic ce, "Haba Ɗanjuma, ko sallama?" Yac ce, "Yi haƙuri, rabin kai ya rage, ba ni barin mutum haka ya shiga kasuwa." Na jira ya gama. Na sake kunnawa. Faifan biyu suna jone yadda na bar su, ban taɓa ko waya ɗaya ba. Shi ya sa ban sake dubawa ba. Na rubuta umarnin kamar ɗazu, baƙi da baƙi, na danna.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, faifai mai ciwo ba ya tashi da sauri. Da injin ya tsaya bakin zaure yac ce wa ya iso, sabon ne, mai lafiya, ya riga amsawa. Shi ya zama sdb. Mai kayan mutane ya iso a makare, ya zama sdc. Ni kuwa na ba da umarni a kwashe wofi a shimfiɗa bisa kaya.

Na zauna ina gadinshi. Wanga shi ke hana ni cin abinci in na tuna. Na sayi fura na sha. Na kori yaran da ke jingina da tebur kada su girgiza shi. Fitilun faifan biyu na ƙyaftawa, ina kallonsu ina jin daɗi, ina cewa yau na sauke nauyi. Da haƙurin nan nawa da ake yabo na zauna na tsare shi yana cin mutane.

Abin da ya tsayar da shi ba hankalina ba ne. Ihu anka yi daga wajen 'yan albasa, "Sun shigo! Sun shigo!" Kasuwa ta watse. Na fizge wayoyin da ke jone da injin, na cusa faifan biyu aljihu, na bi mutane da gudu. Ashe tayar babbar mota ce ta fashe. Munka dawo ana dariya, ana tsokanar wanda ya baro takalmi da wanda ya baro mata. Ni ma ina dariya na jona faifai ɗaya. Injin yac ce babu komai ciki, ko ina so ya shirya mini shi a matsayin sabo? Nic ce af, sabon na ɗauka. Na cire na jona ɗayan. Shi ma haka. Na sake. Na sake. Sai na kara kunne. Wanda ke ƙas-ƙas, shi ne mai kayan, kuma shi ma wofi yake nunawa.

Nan na ɗauki ƙusa na karce shi. Aikin da Buba ya roƙa ya yi mini kyauta.

Ga abin da nike so ki riƙe, ko ba ki taɓa kwamfuta ba har abada. Faifai sunaye uku gare shi. Akwai sunan isowa, wanda injin ke rabawa, shi kuwa na ranar nan ne kawai. Kamar Ladi ne. Ranar Lahadi kinka zo duniya anka ce Ladi, a ajinku na san za ki tarar da wata Ladin, in an kira ku waiga tare. Akwai suna na biyu, wata doguwar lamba da ake rubutawa cikin faifan ranar da anka shirya shi. Ta fi ta farko amana, ba ta damu da wa ya riga wa ba. Amma a rubuce take, abin da anka rubuta kuwa ana shafe shi, kuma in an yi kwafi irin wanda na so yi, har ita ake kwafewa, faifai biyu su tashi da suna ɗaya. Ta faifan ga ta tafi, tana cikin abin da na fara shafewa. Na uku ita ce lambar da maƙera sunka ba shi tun daga inda anka ƙera shi. Tana manne a bayanshi, kuma injin na iya karanto ta in an tambaye shi. Ita ce tsagarshi, kamar ta kuncin Iya kakarki. Ba ta canzawa ko an jona shi a fari ko a ƙarshe. Da na tambayi injin wannan lambar, aikin ƙyaftawar ido, da yanzu ba ki ɗauke da ƙunshin ga. Kama da wane ba ta wane. Duk abin da in kin taɓa shi ba ya komawa, ki tambaye shi sunanshi na gaskiya kafin ki taɓa, ko da ɗazu kinka tambaya.

Kure na ƙarshe shi ne shiru. Ban gaya wa kowa ba. Mai zuwa neman kayanshi in ce injin na hutawa, a dawo wata kasuwar. Ke ma kin kai wa mata wannan amsar da bakinki, ba ki san ƙarya na aike ki da ita ba. Ki yafe mini. Inna Tumba, tsohuwar nan ta Tsamaye da ke zaune a makarantar da anka sauke masu gudun hijira, ita ta karya ni. Ɗanta ya ba ni ajiyar abin da ke memorinshi zai tafi ɗaukar gero, bai dawo ba. Duk kasuwa sai ta zo ta zauna bisa bencina, in buɗe mata hotonshi yana riƙe da sabon keke, ta yi mishi magana kaɗan, ta tashi. Na yi ta juya ta. Ran nan ta zo tac ce, "Ɗan nan, injin naka ya fi mai jego hutawa. Ko dai ya mutu ne kana jin nauyina?"

Na faɗa mata. Na so ta zage ni. Ta murza bakin zanenta, kana tac ce, "Da ka faɗa mini tun ranar, da na zauna na haddace fuskar tun tana sabuwa a idona. Na sake jiki ne don na san tana wurinka." Ta miƙe da kyar. Tac ce, "Yanzu in na rufe ido keken nike gani."

Ba ta sake zama bisa bencin ba. In ta wuce takan gaishe ni, shi ya fi zagi ciwo. Ladi, in kin yi ɓarna, ki faɗa da zafinta. Ɓarnar taki ce, amma lokacin da kike ɓoyewa na mai kaya ne, da shi za shi ceci abin da ya saura.

Saura maganar innarki. Kin san ke ce ta fari, kin san kuma ba ta taɓa kiran sunanki ba, ko Ladin ma. "Ke," ko "waccan," ko ta ce da ni, "Ina yarinyar ga?" Kunya ce irin ta iyayenmu, ba rashin so ba, na san kin sani, amma na sha ganin kina kallon bakinta in tana kiran ƙannenki. Kafin tafiyarta Tozai gaisuwar rasuwa, tafiyar da ba ta dawo ba, ina koya mata yadda ake aika saƙon murya. Na danna mata, nic ce yi magana. Tac ce, "In ce mi?" Nic ce, "Kira ɗiyarki." Tac ce, "Kai dai ba ka da ta ido." Nic ce ai ba kowa, daga ni sai waya. Ta juya baya, ta rufe baki da gefen mayafi, ta kira sunanki na yanka. Sau ɗaya. Kana ta fashe da dariya, tac ce, "Goge shi! Wallahi ka goge shi kafin ta ji!" Nic ce na goge. Ban goge ba. Da za ta tafi na kwashe memorinta kamar na kowa, ta hau mota da waya fara.

Bayan labarin rasuwarta ya iso daga daji, na yi niyyar in kunna miki. Nic ce bari zafin ya ragu. Nic ce bari ki ƙara girma. Nic ce ranar da za ki bar gida, ita ce ranar. Ga ranar ta zo. Na riƙe miki abinki har na hallaka shi ba ki taɓa ji ba. Abin daɗi in yana hannunki na wani, ki ba shi yau. A ƙasar ga ba a ajiye wa gobe komai.

Na kira Oga Lawwali na faɗa mishi duka. Bai yi mini dariya ba, da ya yi ma da na fi so. Yac ce tunda an fizge waya kafin aikin ya ƙare, farkon faifan ne ya ƙone. Nan ne sunaye suke, da bayanin inda kowane kaya yake. Abin da wofin ya hau ya tafi, ba mai dawo da shi. Amma can ciki, inda bai kai ba, wataƙila kayan na nan zube, kuma akwai hanyar tsinto su ɗaya-ɗaya. Ban ɓoye miki ba, ban sa rai sosai ba. Kayan gidanmu na fara zubawa ranar da na sayi faifan, ina tsoron suna bakin ƙofa, inda wutar ta fara ci. Yac ce faifai ba kullum yake jera kaya bi da bi ba. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila tausayina ya ji.

To ga abin da za ki yi. Kada ƙunshin ya faɗi, kada ya jiƙa, kada a ɗora mishi buhu. Kada ki bari kowa ya jona shi don a gani, ko mijin Gwaggonki, ko wani mai cewa ya iya. Faifan na da ciwo, duk juyin da ya yi yana rage kwanansa. In kin je shagon, hannun Oga Lawwali kawai. Yana da yara masu saurin hannu, irina lokacin da nike can. In kin tarar ba ya nan, ki koma da abinki. In ya karɓa, za shi fara kwafe shi bisa wani faifan kafin ya taɓa komai. Nan ne wurin da na faɗi. Ki tsaya kanshi. Ki ce, "Babana yac ce a karanto lambar maƙera, a gwada da ta bayan mai karce, kana a danna." Yaran za su yi dariya su ce mi yarinya ta sani. Ki bar su su yi. In wuta ta ɗauke anka sake kunnawa, ki sake faɗi. In injin ya tambaya ko a shirya faifan a matsayin sabo, a'a ce amsar, ko sau nawa ya tambaya.

In Allah Ya sa wani abu ya fito, ba za shi fito da suna ba. Oga yac ce hotunan za su zubo ne a cakuɗe, lamba kawai, ba a san na wa da wa ba. A Sakkwato ba mai sanin fuskokin ga. Ni na san mazan, amma matan da 'ya'yansu ke kinka shiga ɗakunansu. Ki zauna in kin taso makaranta, ki bi su a hankali, ki sa wa kowa sunanshi da garinsu. Wanda ba ki gane ba kada ki yi mishi ƙage, ki ware shi gefe. In kin ga saurayi riƙe da sabon keke, ki fara aiko da shi, idon Inna Tumba ya fara hazo.

Ni ba za ni biyo ku ba. Iya ba ta iya zaman mota, kuma tac ce ba ta barin ƙasar da kakanninta ke kwance tun zamanin Alkalawa don waɗansu yara masu babura. Gonarmu ta hanyar can bana ma ba a shuka ta ba. Rumfa kuwa ina buɗewa, ba don ana kawo ajiya ba, an daina, kuma daidai ne. Ina buɗewa don mai neman wanda ya ɓatar mishi da kaya ya tarar da shi zaune. Ban san ƙarshen zaman ga ba, ɗiyata. Na daina cewa in abubuwa sun yi sauƙi.

Abu ɗaya ya fi duk abin da na rubuta. In an tare ku a hanya, Allah Ya kiyaye, anka zazzage jakarki, ki ba su. Kada ki riƙe, kada ki yi gardama, kada ki ce na innata ne. Ƙarfe ne. Waɗanda ke ciki sun riga sun tafi, ke ce ba ki tafi ba.

Ki gaida mijin Gwaggonki. Ita Gwaggon ki yi mata biyayya, tana da faɗa amma cikinta fari ne. Ki riƙe salla, ki riƙa sa innarki cikin addu'a. Ƙannenki za su yi kuka gobe, kada ki waiga da yawa. Allah Ya kai ku lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da masu tsoronShi, Ya sa ki fi ubanki duba abu kafin ki taɓa.

Na so in bar sunan ki ji shi daga bakinta. Ni ma ban taɓa kiranki da shi ba, kin sani. Amma na daina ajiye abu sai gobe. In muryar ta fito, wanga ya zama ƙari. In ba ta fito ba, ba ni da wanda ya fi shi.

Allah Ya tsare ki, Saratu.

Ni ne,
Babanki.